Ranar da 'Yan Mata Suka Bi Sungumin Ƙadangare

"Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da ƙafarta."

"Ta ƙaraso mu ji ta, Gwaggo!"

To ku matso, ku daina ture-ture. Kai Sallau, kada ka sulale. Kai ne babba a cikin yaran nan, kuma kai na fi so ka ji wannan, don tun da gashin baki ya fara leƙo maka, ƙamshin turarenka ke riga ka shigowa gida. Zauna nan inda zan gan ka.

An yi wani Ƙadangare a wani gari. A lokacin ba shi da jan kai, ba shi da shuɗin jiki. Toka-toka ne, kamar an tono shi daga murhu. In ya yi sallama a dandali, sai 'yan mata su duba sama su duba ƙasa, su ce wa ya yi magana? Abokinsa ɗaya ne a duniya, wato Kwaɗo, shi ma don ba wanda ya fi wani. Kwaɗo ga ƙuraje, ga ƙaton baki, ga idanu a waje. In suka zauna gindin kuka, kowa yakan saci kallon ɗan'uwansa ya ji sanyi a ransa, ya ce to, ai ni ban kai wannan ba.

Garin yana da al'ada. Duk ranar kasuwa, budurwa takan dama fura, ta zuba a ƙwarya, ta rufe da faifan da ta saƙa da hannunta, ta kai ƙofar saurayin da ranta ya kwanta da shi ta ajiye. Ba ta cewa uffan, don kowa ya san saƙar kowa. Wani saurayin ya tarar da ƙwarya biyu, wani uku. Ƙofar Ƙadangare kuwa ko akuya ba ta tsayawa.

Da ya ga haka, sai ya ce wa Kwaɗo, "Abokina, irinmu ba ma yawon dandali. Gida ɗaya zan nema, in manne masa har a gaji a ba ni."

Can bakin gari akwai wani manomi ana ce masa Nomau, yana da 'ya mai suna Tabawa. Ba ita ce makaɗa ke wa kirari ba, amma ga hannu da aiki, ga baki da kaifi. Nan Ƙadangare ya tare. Kullum la'asar sai ya zo. Gara ta kama dangar gidan, ya cinye ta. Tururuwa ta shiga rumbu, ya cinye ta. Ƙuda ya sauka a shanyar kuɓewa, ya cinye shi. In ya gama sai ya durƙusa ya ce, "Tabawa, a duk garin nan ke kaɗai nake gani." Kuma bai yi ƙarya ba, don ita kaɗai ke amsa masa sallama.

Tun tana dariya har ta daina. Rannan ranar kasuwa Ƙadangare ya fito, sai ya ga ƙwarya a ƙofarsa, rufe da faifan Tabawa. Wayyo! Sai da ya yi hawaye. Ya shanye, ya suɗe, ya wanke ƙwaryar da toka, ya ɗauke ta da hannu biyu ya mayar da kansa, yana tafe yana kare ta kada rana ta taɓa ta.

Sai Nomau ya kira shi ya ce, "Yaro, na ga zuwanka, na kuma ga dangata. Ka san yadda muke yi. Washegarin da ruwan shuka ya sauka, ka zo gonata da sungumi tun da sassafe. Kai ka yi sara a gaba, ita ta bi ka da ƙwaryar iri tana zubawa tana binnewa. Mai sara ba ya waiwaye, don kunyar surukai. Mai iri ba ta yi masa magana, kuma ba ta barin bayan sungumi sai an gama gona. In kun kai ƙarshe tare, ta zama taka."

Ƙadangare ya shafa ƙasa ya ce, "Baba, ranar ruwan shuka sungumina na gonarka."

Da abin ya tsaya nan, da yanzu mun tashi. Amma ku ji.

Wata ranar kasuwa sai ga wata tsohuwa mai tallar ƙorai da fayafai daga wani gari. Rana ta dake ta, ta ga inuwa a ƙofar Ƙadangare, ta sauke kaya. Ta jera ƙoranta, ta rufe kowace da faifai don kada kaji su shiga, ta tafi neman ruwan alwala.

Sai ga 'yan mata uku za su rijiya. Lantana 'yar maƙeri, da Barira 'yar marini, da Kuluwa 'yar mahauci. Su ne fitilun garin, su ne samari ke faɗa a kansu. Lantana ta ja ta tsaya.

Ta ce, "Kai! Ƙofar wa nake gani haka?"

Barira ta ce, "Ta wannan tokar mana."

Kuluwa ta sunkuya ta dubi fayafan, ta ce, "Wannan saƙar ba ta garin nan ba ce. Wato har daga wasu garuruwa ake kawo masa?"

Suka haɗa baki suka ce, "Me suka gani a jikin wannan abu?" Suka yi tsaki, suka yi dariya, suka wuce. Amma kowacce tana tafe tana cewa a ranta, "Ko me suka gani, sai na gani."

Ƙadangare yana bayan zana, ya ji komai. Da tsohuwa ta dawo sai ya fito da gudu ya ce, "Iya, sannu da hanya. Inuwar nan taki ce. Duk ranar kasuwa ki zo ki jera kayanki a nan har azahar, ni kuwa zan riƙa cinye miki duk ƙwaron da ya kusance su."

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi hanyar rijiya, ta gane. Ta ce, "Ɗan nan, ƙoran nan fa ba komai a cikinsu."

Ya ce, "Iya, wa zai buɗe?"

Kasuwa ta zagayo, tsohuwa ta jera. Kafin azahar sai ga ƙwaryar Lantana a cikin jerin, da fura har da zuma. Barira ta ga faifan Lantana, ta ce lallai akwai wani abu, ta kawo tata. Kuluwa ta ga na su biyu, ta ce ni za a bari a baya? Ta kawo tata, har da tsire a gefe. Sauran 'yan matan gari suka ga fitilun gari sun yi layi a ƙofar Ƙadangare, sai kowacce ta fara ganin abin da ba ta gani da. Wata ta ce tafiyarsa ce. Wata ta ce yadda yake ɗaga wuya ne. Wata ma cewa ta yi tokar ce ke da kyau. Jiya-jiya fa suke tsallake shi a hanya!

Barira ta sa ubanta ya rina masa riga da shuni, har tana ƙyalli. Kuluwa ta saya masa jar dara. Lantana ta sa ubanta ya ƙera masa sungumi sabo ful. Ƙadangare ya sa riga, ya kafa hula, ya saɓa sungumi duk da ko hadari ba a fara ba, ya hau katanga yana waƙa:

"Ni ne na katanga mai jar dara,
Wadda ta gan ni ta gaya wa ƙawa,
Ƙawa ta gaya wa ƙawar ƙawa,
Furar garin nan duka tawa!"

Kwaɗo ya zo ƙarƙashin katanga ya ɗaga kai ya ce, "Abokina, kwana biyu ban gan ka gindin kuka ba. An ce gara ta koma dangar Nomau."

Ƙadangare ya leƙo ya ce, "Wa ke magana? Au, kai ne. Ka ga Kwaɗo, bari in koya maka duniya. Da can mace ɗaya ke so na, dole in riƙe ta hannu bibbiyu, don in ta kuɓuce na shiga uku. Yanzu gari ke so na. Zan zauna ina cin garar wani tsoho, alhali mata na kuka a kaina? Ai zalunci ne in hana su kaina. Wannan aikin irinku ne."

Kwaɗo ya ce, "Ai da irinmu kake cewa."

Ya ce, "Da ke nan. Matsa, kana ɓata mini ƙofa."

Sai maƙeri ya kira shi, ya ce ya ji labarinsa da Lantana, ya zo gona washegarin ruwan shuka. Ƙadangare ya ce, "Baba, ranar ruwan shuka sungumina na gonarka." Marini ya kira shi saboda Barira. Ya ce, "Baba, ranar ruwan shuka sungumina na gonarka." Mahauci ya kira shi saboda Kuluwa, yana magana yana wasa wuƙa. Ƙadangare ya saci kallon wuƙar ya ce, "Baba, ranar ruwan shuka sungumina na gonarka."

Kun ji fa. Sungumi ɗaya, gona huɗu, kuma ruwan shuka ba ya sauka wa kowa ranarsa daban. Ba wai bai sani ba ne, ya sani sarai. Cewa ya yi, "Damina na da nisa. In hadari ya taso na zaɓa." Ya ci gaba da shan fura har wuyansa ya yi kitse.

Tabawa kuwa ba ta fasa kawo tata ƙwaryar ba. Rannan ta zo ta rasa wurin ajiyewa. Ƙadangare yana kan katanga, ko saukowa bai yi ba. Ya ce, "Tura ta can gefe." Ta je gefen, sai ta tarar da ƙwaryarta ta wancan makon, furar ta yi tsami, ƙudaje sun yi mata baƙi. Garin ɗaukarta gwiwarta ta bugi ɗaya daga cikin ƙoran tsohuwa, faifai ya zame. Ta leƙa, ta ga wayam. Ta ɗaga na kusa da shi, shi ma wayam. Ta mayar da fayafan yadda suke.

Ta ce, "Ƙadangare, kana nan kan maganar da ka yi wa Baba?"

Ya ce, "Haba Tabawa, ke ai ta gida ce. Ina za ki? Ki dai yi haƙuri, kin ga yadda jama'a suka yi mini yawa."

Maganar nan ta yi mata zafi, zafin gaske, don ta riga ta so shi tun yana toka. Ta koma gida ta shiga bayan rumbu ta yi kukanta, ta share ido. Da ta fito sai ta ga wani abu a gindin danga yana lasar gara.

Ta ce, "Wane ne nan?"

Ya ce, "Ni ne, Kwaɗo. Ba wani abu ya kawo ni ba, garar ce kawai."

Ta ce, "To ci."

Washegari ma garar ce kawai. Rana ta uku ma garar ce kawai. Har gara ta ƙare a dangar nan ƙaf, Kwaɗo bai daina zuwa nemanta ba. Nomau kuwa yana lura da shi.

Ana nan, ana nan, sai rannan da la'asar gabas ta yi baƙi. Iska ta taso, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Gari ya waye ƙasa ta jiƙe sharkaf, kowa ya fito da iri, don danshin nan ba ya jiran kowa. Ƙadangare ya tsaya a ƙofarsa da sungumi, ya ce to yau ne zaɓe. In bar Lantana? Ina! Ga zuma. In bar Barira? Ina! Ga riguna. In bar Kuluwa? Ina! Ga tsire, ga kuma wuƙar ubanta.

Sai ya yi dariya ya ce, "Wa ya ce sai na bar wata? Ba ni da gudu ne? In sara layi ɗaya a nan, in zarce gaba kafin ta ɗago kai, in sara a can, in zagayo. Kowacce ta ɗauka ina ɗaya ƙarshen gonar. Tabawa kuwa ta jira, ita ce ta ƙarshe. Ko da yamma na je zan same ta."

Ya isa gonar maƙeri. Ya gaida suruki, ya kafa sungumi. Sara, taku. Sara, taku. Lantana na biye da kai a sunkuye, tana zuba gero tana binnewa da ƙafa. Shi kuwa sauri yake don ya ba ta rata. Da ya kai iyakar gona sai ya kutsa cikin gamba, ya fice ta ɗaya gefen. Bai waiwaya ba. Mai sara ai ba ya waiwaye, kuma Ƙadangare duk iskancinsa yana so a ce yana da kunya.

Lantana ta kai ƙarshen layi, ta ɗago, ba Ƙadangare. Amma ƙasa a jiƙe take, ga sawunsa nan, ga jan wutsiyarsa ya ratsa gamba. Ta ce, "Iye? To an ce mai iri ba ta barin bayan sungumi. Bari in ga inda sungumin nan zai kai ni." Ta rungumi ƙwaryarta ta bi sawu. Maƙeri ya hango 'yarsa ta fita gona, ya bi ta.

Ƙadangare ya isa gonar marini yana haki. Ya gaida suruki, ya kafa sungumi. Sara, taku. Sara, taku. Barira na biye. Can ta ji motsi a bayanta, ta juya, sai ga Lantana da ƙwaryar iri.

Barira ta yi ƙasa da murya ta ce, "Me kike yi a gonarmu?"

Lantana ta ce, "Sungumi nake bi."

"Ni ma shi nake bi."

"To mu bi."

Ƙadangare ya kai iyaka, ya kutsa gamba, bai waiwaya ba. 'Yan mata biyu suka bi sawu. Maƙeri da marini suka bi 'yan mata.

Ya isa gonar mahauci, rana ta fara zafi, gumi na zuba daga ƙarƙashin hula. Ya gaida suruki, ya kafa sungumi. Sara, taku. Sara, taku. Kuluwa na biye. Ta ji motsi, ta juya, ta ga ƙawayenta.

Ta ce, "Ku kuma fa?"

Suka ce, "Sungumi muke bi."

"Ni ma shi nake bi."

"To mu bi."

Shi gogan naku yana gaba yana jin daɗi, yana cewa a ransa, "Kai, ni Ƙadangare! Uku sun shiga hannu. Bari in leƙa wa Tabawa layi ɗaya, kada ta yi ta kuka." Ya kutsa gamba ya kama hanyar bakin gari. A bayansa 'yan mata uku da ƙoran iri. A bayansu maƙeri, da marini, da mahauci. A bayan waɗannan kuma duk wanda ke gona a hanyar, don ba wanda zai ga irin wannan jerin gwano ya ci gaba da shuka. Ƙadangare yana jin mutane na dariya ta gefe da gefe, sai ya ƙara gyara hula, ya ɗauka kyansa ake yabawa.

Gonar Nomau na da nisa, sai da rana ta take tsaka ya isa. Ya ɗaga murya tun daga iyaka ya ce, "Baba, ga ni! Ga sungumina!"

Nomau yana zaune gindin gawo yana shan ruwa. Ya ce, "Sannu da zuwa. Wace gonar?"

Ƙadangare ya duba. Gona ta shuku tun daga wannan iyaka har waccan. Can a layin ƙarshe ga Kwaɗo da wani tsohon sungumi mai guntun ƙota. Tsalle, sara. Tsalle, sara. Tabawa na biye da shi da iri. A gaban idonsa Kwaɗo ya sari rami na ƙarshe, Tabawa ta zuba, ta binne, ta kife ƙwaryar.

Nomau ya ce, "Tun da asuba yarinyar nan ke tsaye da iri. Rana ta fito, ba ka zo ba. Ƙasa ta fara shan iska, ba ka zo ba. Sai wannan bawan Allah ya ce ko zai iya taimakawa. Na ce ka san abin da sara a gonata ke nufi yau? Ya ce ya sani. Na tambayi Tabawa, ta ce ya kafa sungumi. Amma na ga kai ma ba ka zo kai kaɗai ba. Baƙin naka fa?"

Sai a lokacin Ƙadangare ya waiwaya.

Yara, da ƙasa za ta tsage da ya shige. Lantana ta ajiye ƙwarya. Barira ta ajiye ƙwarya. Kuluwa ta ajiye ƙwarya, ta kama ƙugu ta ce, "Wato mu uku, ga ta huɗu. To ina na sauran garuruwan? Su ma a kira su, mu cika."

Tabawa ta ƙaraso tana karkaɗe hannu ta ce, "Waɗanne na sauran garuruwa? Kayan tallar tsohuwa ne. Duk wucewar da kuke yi, ba wadda ta taɓa ɗaga faifai ɗaya? Iska ce a ciki. Iska kuka yi wa kishi, har da zuma da tsire."

Jama'a suka kwashe da dariya, har wani ya faɗi a cikin shuka. 'Yan matan nan uku suka rasa inda za su sa fuskarsu, kowacce na cewa ai ita dama ba ta taɓa ganin kyansa ba, waccan ce ta ja ta. Iyayensu kuwa ba dariya suka zo yi ba, don gonakinsu na can da layi ɗai-ɗai, danshi na tafiya.

Maƙeri ya ce, "Ba ni sungumina." Ya fizge.

Marini ya ce, "Ba ni rigata." Ya tuɓe ta, amma gumi ya riga ya kai shunin cikin fata, jikin ya zama shuɗi.

Mahauci ya ce, "Ba ni hular 'yata." Ya cire, amma jan ya riga ya zauna a kai daram. Ƙadangare ya ga mahauci na laluben kuben wuƙarsa, ya zabura zai gudu. Mahauci ya take wutsiyar. Wutsiya ta ce ni na tsaya, Ƙadangare ya ce ni na tafi. Suka rabu a nan.

Bai yi nisa ba, ya laɓe a bayan gawo har mutane suka watse. Sai da ya ga saura Tabawa da Kwaɗo sannan ya jawo jiki ya fito. Ba hula, ba riga, ba wutsiya. Yanzu kam kukan gaske yake yi, don ya gane abin da ya rasa.

Ya ce, "Tabawa, ke ce fa ta farko. Wallahi ke nake so tun asali."

Ta ce, "Na sani. Ni kake so lokacin da ni kaɗai ke amsa maka sallama. Na sha tambayar kaina, wannan ni yake so, ko rashi ne ya zaunar da shi a ƙofarmu? Ban sami amsa ba sai da aka fara yi maka layi. Allah ya saka wa tsohuwa mai ƙorai da alheri, ta raba ni da wahala tun ban shiga ɗakinka ba."

Haushi ya kama shi. Ya nuna Kwaɗo ya ce, "To shi wannan kina tsammanin ya fi ni ne? Don ba wadda ta taɓa kallonsa ne! Ki bari mata uku su yi masa murmushi, ki ga yadda zai koma."

Tabawa ta ce, "Wannan ma na sani. Shi ya sa Juma'ar nan za a ɗaura, tun kafin wata ta kalle shi."

Kwaɗo da ya ji ana maganar mata uku za su yi masa murmushi, sai maƙogwaronsa ya fara kumbura, yana kumbura, idanunsa suka karkata wajen hanyar da su Lantana suka bi. Tabawa ta ƙwanƙwashe shi da ƙwaryar iri a ka.

Ta ce, "Sauke wannan maƙogwaron. Wuce mu tafi gida."

Ya sauke, ya wuce. Suka bar Ƙadangare tsaye a gonar da bai sari rami ko ɗaya a cikinta ba.

Ranar Juma'a aka ɗaura aure. Ƙadangare bai sami mai ba shi 'ya ba a garin, bai samu a na gaba ba, don labari ya riga shi zuwa. Shi ya sa har gobe ba shi da ɗaki, sai tsagar bango. In kun gan shi da rana yana dogara hannu yana ɗaga ƙirji sama da ƙasa, nuna kansa yake yi, ko Allah zai sa wata ta tanka. Kaji kawai ke kula shi, su ma don su tsattsage shi.

Saboda haka ku mazan, kada wanda ya cika mini baki da amana alhali ba a taɓa rububinsa ba. Ka bari a so ka tukuna, sannan mu san ko kai wane ne. In kuma an so ka, ka tuna da wadda ta amsa maka tun ba ka da kowa, don masu zuwa saboda sun ga ana zuwa, rana ɗaya suke tafiya. Ku kuma 'yan matan da ke ta ƙyalƙyala dariya, ba ku tsira ba. Kada ki so mutum don kin ga wata na so, wataƙila ita ma wata ta gani.

Ƙurunƙus kan guntuwar wutsiya. Ba don danginsa na cikin bangon nan suna saurare ba, da na faɗa muku sunan garin. Ku tashi, kowa ya ɗauki tabarmarsa.